Igiyar da Aka Ɗaure Yaya Lawal da Ita

Ina ƙarami yayana Lawal ya bi wani mai wa'azi da ya tara mabiya a daji, har ya daina cin abincin gidanmu, wai mu ɓatattu ne. Baffannina suka kamo shi da ƙarfi suka maido shi garinmu Pauwa, suka ɗaure masa ƙafa da igiyar shanu a tsakar gida. Har yau ina jin warin igiyar nan, na taki da gumi.

Da la'asar kakanmu Malam Idi ya fito. Tsoho da shi ya durƙusa yana kwance ƙullin da haƙori.

Babban baffana ya ce, "Baba, gudu fa zai yi."

Malam ya ce, "Can ma ɗaure shi suka yi. In mu ma muka ɗaure shi, da me muka fi su?"

Ya miƙa wa Lawal butarsa. Ƙofar gida a buɗe take. Lawal ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya tsuguna ya yi alwala.

Yanzu ni ma ina da 'ya'ya, kuma ban tabbata zan iya abin da tsohon nan ya yi ba.