Ƙofar Gabas

Tun shekarar babbar ambaliya aka kafa doka a Gadar Maje, cewa sojojin ko-ta-kwana ba sa buɗe ƙofar madatsar ruwa sai mai unguwa ya furta da bakinsa. Mai Unguwa Sha'aibu yana alfahari da dokar nan, domin haka aka yi a zamanin mahaifinsa, haka kuma a zamanin wansa.

Ranar Talata da hantsi kogi ya cika ya batse. Kyaftin Ladidi, wadda a sauran ranaku malamar firamare ce, ta cire takalmanta a ƙofar zaure, ta durƙusa.

"Baba, ruwa zai ci ɗaya, ko unguwar marina ko gonarka ta shinkafa. Wace ƙofa za mu buɗe?"

"Ke mai bataliya guda, ni tsoho kike tambaya?" ya ce yana murmushi.

"Ai bataliyar, bakinka take jira, ranka ya daɗe."

Ya tuna shinkafarsa, saura mako biyu a yanka. Ya gyara zaman rawani, ya ce, "A irin wannan rana mahaifina ya ba da gonarsa. A buɗe ta gabas, ruwan ya bi tawa."

Ta yi godiya, ta miƙe. Sai a lokacin ya ankara cewa munduwar hannunta, wadda ke zama koriya idan an buɗe ƙofar gabas, koriya ce tun shigowarta. Ta ja hannun riga ta rufe ta.

Mai Unguwa ya kau da kai, ya sa a kai wa sojojinsa fura.