Kayan Rakiyatu

Turmin ne ya ɓata masa farar riga. Kadiri ya sauke shi a gindin lorin Salaga, ya dubi shatin baƙi a kafaɗarsa. Haushi ma ya gaji da zuwa.

Ku dubi mutum kamar Kadiri. Wanzamin da ke yi wa akawunan ofishin Di'o, Baturen mulki, aski a Tamale, mai jar dara da laima, wanda ba ya wuce madubi bai gaishe shi ba. Shi ne yau ɗauke da turmi a tsakiyar tasha, matarsa Rakiyatu tana biye da ƙunshin kwanuka a ka.

Imoru direba, Badagombe, ya leƙo da Hausarsa ta kasuwa. "Kadiri, matarka ya kwashe gida duka? Ko Bature in zai tafi rangadi bai kai haka ba."

Tasha ta ɗauki dariya. Abin da ke cin Kadiri ke nan. Nauyin kaya ya iya da shi, amma dariyar nan tana bin sa har rumfar aski.

Da ba haka Rakiyatu take ba. Tun bara ta koyi halin, bayan 'yar rigimar tunkiya. Ya sayar da tunkiyarta ya sayi keke, ita kuwa ta yi yaji zuwa gidan uwarta a Salaga. Bai bi ta biko ba. Kwaɗo kawai ya sayo ya danna wa ɗakinta, ya gaya wa duk wanda ya zauna aski cewa macen zangon Hausawa ba ta rabuwa da kwanukan aurenta, kuma ko cokali ba zai fita gidan ba sai da saninsa. Haka aka yi. Ta dawo da ƙafarta, ba faɗa, ba kuka. Labarin ya daɗe yana yi masa daɗi a baki.

Tun daga nan, duk sunan da za a yi a danginta, duk biki, duk gaisuwar mutuwa, sai ta haɗa kaya kamar mai tashi.

"Rakiya, Salaga ba su da turmi ne?"

"Na Mma ya tsage, Maigida."

"To, tabarmi fa?"

"Baƙi za su yi yawa."

Shi kuma ba ya barin ta ta tafi ita kaɗai, don ya san abin da ya faru bara. Dole shi ne ɗan dako.

Amma Kadiri ba a banza ake jin tsoron wayonsa ba. A hanya, lori na jijjiga su a kan benci, dabara ta faɗo masa. Ranar dawowa ya dafe ƙugu, ya yi nishi a gaban surukarsa, ya ce bayansa ya riƙe, a bar turmin nan sai wani zuwan. Rakiyatu ta ɗan ɓata fuska, sannan ta yarda. Ya sauka a Tamale da laima kawai a hannu, yana taku ɗai-ɗai don 'yan tasha su gani.

Daga nan abin ya zama sana'a. In ta tafi da tasoshin tagulla, sai ya ce Imoru ya rantse lori ta cika. In ta tafi da akwatin zannuwa, sai ya ce damina ce, ruwa zai lalata su a saman mota. Ran da ta ɗauki tukunyar ƙarfe, cewa ya yi ai Mma ta fi su bukata, har tsohuwar ta sa masa albarka. Ƙaryar ba ta taɓa ƙare masa ba, Rakiyatu kuma ba ta taɓa kama shi ba. Kullum sai ta ɗan yi musu, ta sunkuyar da kai, ta mayar da kayan ɗakin uwarta.

A gida abubuwa suka yi sauƙi. Ɗakinta ya yi fili, in ya yi tari sai bango ya amsa. Ta koma aron turmi a maƙwabta. Kadiri ya lura, ya ji daɗi, ya ce mace ta fara koyon zaman duniya. Kwaɗon ma ya cire shi ya sa wa kekensa.

Ranar da za su tafi sunan ɗan ƙanwarta, Rakiyatu ta fito da ɗan ƙunshi wanda bai fi kan jariri ba. Ludayi ne da 'yan cokula a ɗaure cikin kallabi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Maigida."

Don jin daɗi ya karɓa ya riƙe mata. A tasha ya ɗaga wa Imoru shi sama. "Ka gani? Na gyara ta."

Aka yi suna, aka watse. Washegari da hantsi Imoru ya fara danna oda a bakin kasuwa. Kadiri ya gyara dara, ya leƙa tsakar gidan surukarsa. Rakiyatu tana zaune a kan tabarmarta, tukunyar ƙarfe a kan wuta, turmi a gefe, kwanuka jere a ɗaki har kusa da rufi. Ko mayafi ba ta ɗauka ba.

"Tashi mana, mota za ta bar mu."

Ba ta ɗago ba. Ta kwance kallabin, ta jera cokulan a cikin kwano. Ya tsaya da laima a hannu, bai ji komai ba sai odar Imoru.

"Sauka lafiya, Kadiri," in ji ta. "Ka ce ko cokali ba zai fita gidanka ba sai da saninka. Waɗannan su ne na ƙarshe, kuma kai ka riƙo su."