Jan Zare a Waldar Baba

Ta shafa jan ruwan gwaji, ta goge, ta fesa farar hoda. Sai ga jan layi siriri kamar zare a kan waldar. Tsaga ce. Ruwan gwaji ba ya jin kunyar furfura.

Ma'aikatan masana'antar duk suka zuba ido. Bututun gas ne, mai waldar shi ne tsohon da ya koya wa kowa aiki, mai dubawar kuwa 'yarsa ce ta fari.

"Sufeto," in ji wani mai walda, "yau kin tanadi wurin kwana kuwa?"

Tsohon ya sunkuya ya ƙura wa ƙarfen ido. Fari kawai yake gani, idonsa ya tsufa, ba ya kama jan layin. Ya dubi allin da ke hannunta. In ta ɗaga masa ƙafa, tarbiyyarsa ta tashi a banza, kuma wata rana gidan wani zai kama da wuta.

"Baba, a sake," ta ce, ta zana wa bututun alama.

Ya ɗauki injin gurza ƙarfe, ransa fes. Ashe idonsa bai mutu ba, fuskar 'yarsa ya koma.