Farin Ƙyallen Ustad Inayat

Da yatsa kawai yake rubutun, ba alƙalami ba tawada. Nighat ta tsaya bakin ƙofa da kofin shayi tana kallon mahaifinta, ya shimfiɗa farin ƙyalle a gado yana jan haruffan da ba mai ganinsu. Kowa a tsohon birnin Lahore ya san wannan rubutun. Tawada ba ta shiga kabari, shi ya sa da yatsa ake yi wa likkafani kalmar shahada.

Ustad Inayat ya ji tarinta, ya yi wuf ya naɗe ƙyallen ya tura cikin akwati.

Tun ranar da suka je asibiti gidan ya canja. Tarinta ne ya kai su, ita ta matsa masa shi ma a duba shi. Likita ya sallame ta da kwalbar magani, ya riƙe tsohon a ciki, ya rufe ƙofa. Da ya fito idonsa jajir, ta tambaye shi, ya ce tsufa ne. Ba ta yarda ba. Gidansu an iya ɓoye ciwo. Mahaifiyarta har ta koma ga Allah tana cewa gyambon ciki ne, ta bar su su biyu.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne laushin da ya yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana rangaɗa baitoci a bangon masallatai bai taɓa kiran aikinta zane ba. Ita kalma biyu kawai take rubutawa, "akwai" da "babu", ta yi ta jibga ɗaya kan ɗaya har allon ya koma baƙi ƙirin. Shi kuwa ya ce kisan haruffa take yi. Yanzu ga shi yana dama mata tawada, yana ɗaukar mata allo don kada ta gaji. Har ya je da ƙafarsa ya roƙi Shaista, mai ɗakin da za a baje kolin allunan Nighat, ta matso da ranar buɗewa.

"Me ake yi wa sauri, Abba?"

"Hunturu na da nisa, 'yata."

Ta juya don kada ya ga hawayenta. Tana son su tsaya a bango ɗaya sau ɗaya kafin ya tafi, baƙinta da farinsa. Allunanta uku ne, likkafanin namiji ma ƙyalle uku ne. Ta roƙe shi aro.

"Ba na bango ba ne," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ran Juma'a, yana fita masallaci ta buɗe akwatin. Ta san ganganci take yi. Amma a ranta tana ganin in dai ƙyallen na rataye a gaban mutane, ba ya jikinsa.

Ta ɗauki ƙunshin ƙyallen yadda yake, ta nufi ɗakin baje kolin. Shaista ta riga ta sa an kafa ƙusoshi, kowane baƙin allo da gurbinsa a gefe.

"Ke dai ba ki da tsoron Allah," ta ce tana dariya, amma ba ta yarda ta taɓa ƙunshin ba. "Zauna mana, kin ga yadda kika rame kuwa?"

Nighat ta hau kujera da kanta. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Ta rataye na farko, babban. Ta rataye na biyu, ta lura bai kai tsawon da ta zata ba, don Ustad Inayat dogo ne. Tari ya sarƙe ta, ta dafa bango har ya lafa, sannan ta rataye na uku. Ta sauko ta ja baya. Baƙi cike da surutu, fari shiru. Ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ta tsane shi.

"Nighat," Shaista ta kira a hankali. Dariyar ta bar fuskarta. "Akwai saura a ƙunshin."

Nighat ta sunkuya ta ɗago. Ƙyalle biyu ne suka rage, ɗaya na ɗaure ƙirji, ɗaya ɗan mayafin da ake rufe wa mace gashi da shi.