Motar da Na Zaɓa Masa

"Wannan za mu saya," na ce, na dafa jar motar tsere mai injin turbo.

Dillalin ya yi dariya. "Hajiya, ga mai ƙofa huɗu, ita ma da araha. Asabar tsere, Litinin kai yara makaranta!"

Mijina ya gyaɗa kai. Tun jiya yake yi wa 'yarmu alkawarin zai ɗauke ta a mota ya ɗanɗana mata gudu.

"Maigida, na gaji da hana ka tsere. Amma wannan, ko babu."

Ya leƙa ciki. Kujera ɗaya ce tal, an cire sauran don rage nauyi.

"To ita ina za ta zauna?"

Na damƙe hannun 'yarmu da ke tsaye a gefena. "A cinyata, bayan shingen 'yan kallo."