Manyan Haruffa a Akwatin Zaɓi

"Wai wane manomi ne ya ce maka rubutun ya yi masa ƙanƙanta?"

Kellu tana bayan zaure da kwanon fura a hannu ta ji Alhaji Maiwada ya jefa wa mijinta Zulkiflu wannan tambayar. Ita kuwa ta san amsar. Ba manomi ba ne, ita ce.

Alhaji Maiwada yana da injinan casa a Gaya, Zulkiflu ne ya haɗa masa manhajar waya da manoma ke neman inji da ita. Ba wani abu ne mai yawa a ciki ba, ɗan akwatin zaɓi ne. Ka murza da yatsa, sunayen garuruwa su riƙa wucewa, ka tsaya a kan naka. Da wannan akwatin shi ma Zulkiflu yake tura direbobi kowace safiya.

Ranar da ya gama haɗa shi, ita ya fara miƙa wa, ya ce ta zaɓo Gafasa. Kellu ba ta gama firamare ba. Ta ga harafin farko ya yi kama, ta danna. Ya karɓa, ya kai wayar dab da fuskarsa, ya daɗe yana kallo kafin ya ce Gurduba ce wannan. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Washegari haruffan suka ƙara girma.

Daga nan ya mayar da bayan akwatin baƙi, rubutun ruwan ɗorawa. Ya sa wayar tana ɗan girgiza duk sunan da ya wuce. Haruffan suka ci gaba da kumbura, har ya zama suna ɗaya tal ke cika fuskar wayar. Manomi a Kademi sai ya yi ta murzawa kafin ya iso garinsu. Wasu in sun gaji sai su danna duk inda yatsa ya tsaya. Inji ya tafi Toranke, mai dawa yana zaune a Ajingi yana jira.

A zauren, Alhaji ya ce kaka ba ta jiran kowa. In ba a mayar da akwatin yadda yake ba kafin kasuwar Ajingi ta ci, akwai wani yaro a Kano da ke neman aikin.

Gidan nan ba gona gare su ba. Wannan aikin ne cinsu da shansu. Ga Zulkiflu duk ya sauya. Ya jingine babur, wai mai ya yi tsada. Ya wuce mijin maƙwabciyarsu Hanne a ƙofar masallaci ba gaisuwa. Ran nan ta ɗan matsar da buta daga inda take zama, ya yi tuntuɓe da ita, ya roƙe ta a hankali ta daina sauya wa kaya wuri. Kellu ta ce a ranta, damuwarta ce ke cin sa. Ya auro wadda ba ta iya karatu ba, yana rufa mata asiri da abincin bakinsu.

Wayar Hanne tana nan da tsohon akwatin, don ba ta taɓa sabunta manhajar ba. Kellu ta riƙa shiga gidan da sunan kitso. Tana murzawa tana haɗa baƙi, Hanne tana yi mata tsiya wai ko ita ma direban inji za ta zama. Balare. Chula. Dundun. Tun tana tuntuɓe da harshe har sunayen suka zauna mata.

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, ta same shi zaune a tsakar gida, rana tana dukan bango. Ta durƙusa da wayar Hanne a hannu. Ta murza tsohon akwatin tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure, ta tsaya a kan Gafasa. Sai kuma maganar da ta daɗe tana haɗiyewa ta ɓalle. Ta ba shi haƙuri, ta ce ta san don ita yake yi, ta yi ta magana wayar tana hannunta.

"Malam, don Allah ka mayar wa Alhaji da ƙananan haruffan. Ka duba da kanka, na iya yanzu."

Ya karɓa. Ya ƙura wa wayar ido, ya ɗora yatsa a tsakiya yana bin rubutun.

"Gafasa kuwa, ga ta nan," ya ce, yana murmushi. "Ashe kin yi nisa, Kellu."

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta shiga madafi, ta zauna a kan turmi. Anjima za ta sake roƙon sa ya mayar da ƙananan haruffan. Za ta ce tana son ya bar ta ta riƙa zama kusa da shi kowace safiya, tana karanta masa sunayen da ƙarfi, a ce koyo take yi. Alhaji ba zai ji ba, Hanne ba za ta ji ba, ko innarta. Shi kansa ba zai san ta sani ba.

Tun tana cikin ba shi haƙuri hasken wayar ya ɗauke, abin da ya bi da yatsa ya karanta mata baƙin gilashi ne, ba ko harafi ɗaya.