Layin Tsofaffi na Ranar Talata

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, aka fara wannan cin mutunci, a ƙofar gidan siniman garinmu, inda duk mako ake nuna wa tsofaffi fim kyauta.

Malama Luzviminda Abrenica ba ta daɗe da dawowa daga Manila ba. Ta ajiye aikin koyarwa, ta cika sittin, ta karɓi katin tsofaffi ta rataya a wuya kamar lambar yabo. Tun daga nan ba ta ƙara biyan cikakken kuɗin komai ba. A kantin magani a rage mata, a motar haya a rage mata. A gidan abinci sai an ware kuɗin cinyar kazarta daga na jikokinta, an yi mata ragi a kai. Ko kyandir ɗin coci ta taɓa neman ragi, mai sayarwa ya nuna sama ya ce ta tambayi Mai Ɗakin.

Wannan ba laifi ba ne. Tun tana 'yar aji ɗaya aka koya mata cewa wanda ya bar haƙƙinsa ya koya wa ɓarawo sana'a.

A ranar ta yi sammako, ita ce ta farko a layi. Ana dab da buɗe ƙofa sai ga wata mata, gashinta baƙi ƙirin, irin baƙin da ba a haifar mutum da shi. Baƙin tabarau ya rufe rabin fuskarta, takunkumi ya rufe sauran. Riga ja mai furanni, takalmi mai tsini, tana tafiya kamar kaza a kan igiyar shanya. Mang Teroy mai gadi ya taso da sauri, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, irin gaisuwar da muke yi wa manya, sannan ya wuce da ita gaban kowa. Ta zauna a kujerar tsakiya, wadda ba ta kusa da na'urar sanyi.

Kujerar da Malama Luz ta yi wa sammako ke nan.

Talata ta biyu haka aka yi. Malama Luz ta tsaya tana sosa tabon haɓarta, kamar yadda ta saba tun ƙuruciya idan ranta ya ɓaci. Wani tsoho ya matso zai gaya mata yadda ake yi a nan, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya haɗiye maganarsa. Ai da ta bari, da ta ji cewa a layinmu ba sammako ke sa mutum gaba ba, yawan shekaru ne.

Talata ta uku Mang Teroy bai zo ba, ƙafa ta matsa masa. Wani sabon mai gadi ne a ƙofa. Mai baƙin gashi ta nufi gaba abinta, Malama Luz ta sha gabanta.

"Baiwar Allah, layi layi ne. Ko bishop ne ya zo, baya zai bi."

Matar ta tsaya cak. Ta san wannan magana, ta san kuma bakin da ta fara fitowa.

Sai ta ce, "Yarinya, gyara tsayuwarki in kina magana da mutane."

Kafaɗun Malama Luz suka miƙe da kansu kafin ta ankara. Wannan ya ƙara tunzura ta.

"Ni ce yarinya? Jama'a, ku dube ta! Wannan ko hamsin da biyar ba ta kai ba, ta zo tana cin rabon iyayenta. In tana da gaskiya ta fito da katinta, a karanta shekarar haihuwarta kowa ya ji!"

Abin kunya, a ƙarƙashin takunkumin nan murmushi matar ta fara yi. Sai da aka yi ɗan jim sannan ta gane ɓarauniya aka kira ta.

Manaja ya fito yana murza hannu. "Iya, ki yi haƙuri, nuna mata kawai a wuce wurin."

Katin yana cikin jakar matar. Amma duk garin nan babu wanda ya taɓa jin wannan shekara da kunnensa, har marigayi mijinta ya tafi da lissafin da bai cika ba. Ga mutum kusan arba'in sun kasa kunne, rabinsu 'yan ƙungiyar mawaƙan coci, waɗanda magana ba ta kwana a bakinsu. Ta rungume jakarta, ta juya. Tsinin takalmi ya maƙale a bakin matakala, sai da ta dafa bango.

Malama Luz ta zauna a kujerar tsakiya, ta kalli fim har ƙarshe, ta sayi gugguru da ragi.

Tun daga ranar matar ba ta koma ba. A kasuwa ana nuna ta da baki, ana cewa ga wadda aka kama a layin tsofaffi. Mai sayar da kifi, da ya saba zaɓar mata na kirki, har ya fara tambayarta ko da gaske ne.

To, ya isa haka. Ranar Talata mai zuwa ina so Luzviminda Abrenica ta tsaya a ƙofar sinimar nan, a gaban layin duka, kafaɗu a miƙe, ta kama hannuna ta ɗora a goshinta, ta nemi gafarata, ni mai baƙin gashin nan, Malama Consorcia Villaruz, wadda na koya mata baƙi da bin layi a aji ɗaya, na kuma ɗaure mata haɓa ranar da ta faɗo daga bishiyar gwaiba. Ta janye kalmar cin rabo da babbar murya. Maganar hamsin da biyar kuwa, wannan kada ta kuskura ta janye ta.